Tsohon da Ya Hana Mu Cewa Ba Gajiya

Bari in tona wa kaina asiri kafin Gwaggo ta riga ni. Ranar sadakar ukun kakanmu, limamin unguwarmu ya miƙo mini hannu a ƙofar gida ya ce, "Ya haƙuri, yaro?" Maimakon in ce da godiya kamar kowane ɗan mutunci, sai na ji bakina ya ce, "Wallahi Malam, ya kusa ƙarewa." Tabarmi uku suka yi tsit. Baffa, ƙanin mahaifina, ya kama kunnena ya murɗa kamar mai neman tashar rediyo, har yau in iska ta kaɗa ina ɗan jiyo labaran duniya ta ɓangaren hagu.

Amma a bi ni a hankali. Laifin na wanda muke zaman makokinsa ne. Shekara goma sha shida yana horar da ni a kan cewa gaisuwa tambaya ce, tambaya kuma amsarta gaskiya.

Mu jikoki Tsoho muke ce masa, shi kuma ya ce mini Ɓarawo, wai tun ina cikin zane nake zawarcin matarsa. Duk Gaya an san shi da abu biyu: wata gora mai kan ƙarfe, da tsanar kalmar nan "ba gajiya". Zai tare ka a hanya da fara'a, ya ce, "Ina gajiya?" In fuskarka ta nuna ka sha wuya amma ka ce babu, sai dai ka ji ƙwas a ƙwaurinka.

Shi ya sa zaman makokin ya koma kamar layin masu ɗori. Wani direban bas da ke jigila daga Ajingi zuwa Kano ya ɗage ƙafar wando a gaban jama'a ya ce, "Ku ga nan. Ranar na yi sawu huɗu, ina tafiya ina gyangyaɗi, ya ce ina gajiya na ce babu. Ya buga mini, ya zare makullin motar, ya zauna a kansa har na yi barci a benci." Yana dariya, sai kuma ya sa hula ya rufe fuska. Mai ƙosan bakin tasha ta ce daga cikin gida, da ƙarfi don maza su ji, "Allah ya jiƙansa, amma ni fa ban manta da ranar da ya kashe mini wuta da butar alwala ba!" Gwaggo ta ce, "Ai kina da zazzaɓi ranar." Ta ce, "To zazzaɓin nasa ne?" Kafin ta tafi ta yafe masa sau uku, tana sharɓar hawaye.

Na leƙa ɗakin Kaka, matar Tsoho, don in sa ta dariya, na ce, "Amarya, yanzu dai fili ya zama nawa." Ta jefe ni da ludayi, ya same ni a goshi. Ta ce, "Ka yi gemu tukuna, mai kan gwanda." Sannan ta juya ta fuskanci bango.

Mutum ɗaya ne bai ba da labari ba, bai yi kuka ba: Abba, mahaifina. Yana zaune yana karɓar gaisuwa, idonsa na kan gorar da aka jingine a bangon zaure.

Kafin gwiwa ta kayar da shi ya dawo wurinmu, Tsoho mai shanun huɗa ne a Gafasa. Horar da su yake yi, ya kuma yi wa mutane huɗa. A ƙasan haƙarƙarinsa na dama akwai wani rami da za ka iya ajiye ƙwai a ciki bai faɗi ba. Na taɓa gwadawa yana barcin rana. Ƙwan ya zauna, ni ne ban iya zama ba har kwana biyu.

Labarin ramin nan ya ba ni ya fi sau ɗari. Wata damina ce ruwa ya sauka gaba ɗaya, kowa yana son a yi masa huɗa a mako guda. Ɗaya daga cikin shanunsa ya yi targaɗe. Maimakon ya dakata, sai ya rataya wa ɗayan, wani jan sa, garma shi kaɗai. Kwana goma daga hantsi har la'asar. Rana ta goma sha ɗaya, a tsakiyar kunya, jan sa ya durƙusa ya kwanta.

"Na tsula masa tsumagiya har ta kare," in ji Tsoho. "Na ɗauki gora na yi ta jibga. Na murɗe wutsiyarsa har na ji ta yi ƙas. Na cije ta, Ɓarawo, da haƙoran nan. Na zuba masa garin barkono a hanci. Mai gonar yana cewa bari, bari, ni ban ma san da shi ba. Idona ya rufe."

San ya tashi. Ya sa ƙaho ya ɗaga Tsoho sama, ya watsar da shi bayan kunya uku. Wannan lissafin fa kowace shekara ƙaruwa yake yi. Bara kunya goma sha biyu ce, da ya ƙara shekara biyar a duniya da a Dutse zai sauka. Amma ƙarshen labarin bai taɓa canzawa ba. Da san ya gama da shi, sai ya koma wurin da ya tashi, ya sake kwanciya. Bai ƙara yarda an ɗora masa karkiya ba, dole aka kai shi mayanka.

"Dabbar nan ba ta yi mini ƙarya ba," yakan ce. "Ta gaji, ta faɗa. Ni ne maƙaryacin. Kwana goma ana ce mini ina gajiya, ina cewa babu, alhali na fi ta gajiya. Abin da na ƙi faɗa da baki shi ya fito ta hannu."

Tun daga nan bai ƙara cin naman sa ba. Rago ne dai ya shiga uku.

Sun taɓa kacamewa da liman a kan wannan. Liman ya ce mutum ya riƙa faɗin ya gaji rashin godiya ne ga wanda ya ba shi aikin da lafiyar yin sa. Tsoho ya buga gora a ƙasa ya ce, "Malam, godiya daban, ƙarya daban. Wanda ya halicci gajiya ne za a ɓoye wa ita?" Wata biyu yana tsallake masallacinmu yana zuwa na gaba, da gwiwarsa mai ciwo, shi da ke wa mutane wa'azin hutu. Ranar da liman ya kwanta ciwon baya, Tsoho ne ya fara zuwa, da man shafawa a aljihu. Ya zauna ya ce, "To Malam, ina gajiya?" Liman ya dubi gorar, ya ce, "Akwai ta."

Mutum ɗaya ne tak a duniya gorar nan ba ta taɓa taɓawa ba, shi ne Abba. Ba don ba ya gajiya ba. Abba ɗan fari ne, Tsoho kuwa mutumin da ne, mai alkunya. Ba ya faɗin sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya zaman hira da shi. In zai yi maganarsa sai ya ce "mai baburin nan". Abba zai durƙusa ya gaishe shi da safe, shi kuma ya amsa wa bango. To wanda ba ka tambaya ba, ta ina za ka kama shi da ƙarya?

Abba ma'aikacin lafiya ne a wani ɗan ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Ajingi. Mutanen can Likita suke ce masa. Da su uku ne. Aka yi wa ɗaya canjin wuri, ɗaya ya tafi ƙaro karatu, aka ce za a turo wasu. Shekara biyu ana turowa. Abba ya zama shi ne mai yankar kati, mai allura, mai ɗinki, mai shara, mai cike takardun da ofishinsu ke nema duk ƙarshen wata kamar da su ake tuwo. Wayarsa kuwa ko a sujada ba ta ƙyale shi.

Da, in ya dawo, ni ne talabijin ɗinsa. Ina iya muryar kowa: liman, mai ƙosai, akuyar maƙwabta in tana naƙuda. Yakan yi dariya har ya riƙe ciki. Sannu a hankali dariyar ta ƙafe. Ya fara da zama a kan babur a ƙofar gida bayan ya kashe shi, shiru, hannu a kan kai, sai ka yi wanka ka shirya bai sauko ba. Ya daina cewa "wata baiwar Allah ta zo da ɗanta", ya koma cewa "mutanen nan". Ranar Lahadi da yamma kansa ke fara ciwo, kamar an yi masa alƙawari. Daga nan sai hannu. Ya yi ƙwallo da butar da ta tare masa hanya. Ya maka rediyo da bango saboda ana sanarwar rigakafi. Ya mari ƙanwata saboda ta tauna rake da ƙara. Ni kuwa bel ɗinsa ya haddace bayana fiye da yadda na haddace ƙasashen Afirka.

Amma fita waje ka ji. "Likita, ina gajiya?" "Ba gajiya." "Ya aiki?" "Da godiya." Har da murmushi.

Tsoho yana gani. Ina jin sa yana gaya wa Kaka, "San da zai kwanta ba ya ɓuya. Ya daina tuƙa, ya daina korar ƙuda, ya fara tunkuyin na kusa da shi a turke. A gaya wa mai baburin nan ya nemi hutu." Kaka ta gaya wa Umma, Umma ta jira ranar da fuska ta ɗan saki ta gaya wa Abba. Kafin saƙon ya isa ya zama lallausan kunu. Abba ya ce, "In na huta wa zai buɗe asibitin? Aljanu?"

Abin da zai biyo baya na tambayi Abba kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, kada in rage komai, har nawa laifin.

Wata Asabar ce cikin damina, hutunsa na farko a mako biyar. Bayan azahar Umma ta ajiye masa dambu, ya wanke hannu. Ni kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa yau zan dawo da dariyar nan. Na ɗauki wayar wani abokina, na ɓuya bayan rumbu, na kira shi da muryar tsohuwa: "Likita, ka taimaka, yarinya ce jini ya ɓalle mata, ga mu a ƙofar asibiti!" Nufina ya miƙe a firgice, in fito in ce ni ne, a yi dariya. Kafin in zagayo, na ji tashin babur. Na bi shi da gudu har bakin titi ina ihu, bai ji ba. Na kira wayar, tana aljihu, bai ɗauka ba.

Sai bayan la'asar ya dawo. Taɓo har gwiwa, gwiwar hannu a ɗaye, madubin babur ɗaya babu. Ya faɗi a wani kwazazzabo. Bai tarar da kowa ba sai awaki a barandar asibiti. Ƙanwata, wadda ba ta iya riƙe ko tusa ba balle sirri, tana cikin gaya wa Umma cewa ni ne na kira, shi kuma ya ji daga zaure.

Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi. Ya zaro tsohuwar wayar birki da ke rataye a ƙusa, ya ninka ta biyu, ya tako tsakar gida. Ta farko ta sauka a kafaɗata, na ji kamar an ɗora mini wuƙar da aka ciro daga wuta. Ta biyu ta tsaga rigata. Na faɗi, na rarrafa, ya take mini ƙafa. Umma ta riƙe hannunsa, ya yarfar da ita ta bugu da turmi. Na ɗaga kai na dube shi, kuma wallahi a nan ba na ƙari: ba ni yake kallo ba. Idonsa a buɗe, amma babu kowa a ciki. Yana duka yana cewa, "Me kuke so da ni? Me kuke so da ni?" Ni kaɗai ne a ƙasa, amma "ku" yake cewa.

Ban ga fitowar Tsoho ba. Mutumin da sai ya yi minti biyar kafin ya tashi daga tabarma, sai ga shi a kaina, ya baje babbar rigarsa ya rufe ni. Wayar ta riga ta taso. Na ji sautinta a jikin wani, na ji gora ta faɗi ƙasa, sai wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a wuya.

Ta same shi daga gira, ta ratsa idon hagu, ta sauka a kunci. Jini ya wanke masa gemu. Bai ce wayyo ba. Ya dafa kaina ya miƙe tsaye, ya dubi Abba ido cikin ido da ɗayan da ya rage, ya kira sunansa. Sunan yanka. Shekara arba'in da huɗu bai taɓa fita daga bakinsa ba. Kaka da ke bakin ƙofa ta toshe baki.

Wayar ta zame daga hannun Abba.

"Ɗauko kayan aikinka," in ji Tsoho. "Ka ɗinke."

A kan tabarma a tsakar gida aka yi ɗinkin girar. Ni ke riƙe da kwanon ruwa, bayana na zuba wuta. Sau biyu allurar tana faɗuwa daga hannun Abba. Da ya kai ɗinki na uku, Tsoho ya ce, a hankali kamar sun haɗu a hanyar kasuwa, "Ina gajiya?"

Abba ya ce, "Ba ga..."

Gorar tana nesa. Sai Tsoho ya sa tafin hannu ya kwaɗa masa a ƙwauri. "Ina gajiya?"

Abba ya tsaya da zare a hannu. Ya ce, "Baba, na gaji." Ya sake faɗa. Ya ce in ya hango rufin asibitin daga nesa ji yake kamar ya juya babur ya yi ta tafiya har mai ya ƙare. Ya ce makon jiya wata mata ta kawo ɗanta yana suma, shi kuma abin da ya fara zuwa ransa shi ne haushi. Ya ce, "Na zama mugu, Baba." Ya kifa kai a gwiwar tsohon yana kuka irin na yara, mai shessheƙa.

Tsoho ya ce, "Mugu ba ya jin haushin kansa. Ƙarasa ɗinkin, kada in tafi lahira da zare yana reto."

Washegari aka kai shi Kano. Likitan ido ya duba ya ce sai haƙuri. Duk wanda ya zo dubiya ya tambayi abin da ya faru, amsa ɗaya Tsoho yake bayarwa: "Sa ne." In an ce wane sa kuma, kai da ka bar huɗa tuntuni, sai ya ce, "Nawa ne, na gida. Ni na gan shi yana jan garma shi kaɗai na yi shiru." Ya ce wa Kaka, ina ji, "Na bugi ƙwaurin rabin garin nan, na bar nawa saboda kunya. Wannan idon kuɗin kunyata ne."

Ranar Litinin Abba ya fito da jakarsa, ya yi ta buga babur ya ƙi tashi. Tsoho na zaune a zaure da bandeji, fulogin yana cikin aljihunsa. Ya sa aka kira mai a-daidaita-sahu, ya ce Abba ya shiga, ni ma in shiga in riƙe masa gora. Muka tafi ofishinsu. Shugaban sashen ya fara bayani mai tsawo, ana kan duba lamarin, an rubuta, ana jiran amsa. Tsoho ya karɓi gorar ya ɗora a kan teburin, a kan takardun, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Amma karkiya wuya biyu gare ta. Wanda ya rataya wa sa ɗaya, ko dai ya rasa san, ko san ya kashe wani. Kana son ganin yadda abin yake?" Ya kama gefen bandejin zai kware. Mutumin ya ce a'a, a'a, Baba, ya isa. A ranar aka sa hannu a hutun wata guda da Abba ya shekara uku bai ɗauka ba, aka ce wani daga asibitin kusa zai riƙa leƙawa.

Gafasa Tsoho ya tafi da shi, ya karɓe wayar salularsa ya ba Kaka ta kulle a adaka. Bai sa shi noma ba. Aikinsa kawai ya kai shanun Baffa bakin fadama ya zauna ya kalle su suna cin ciyawa. Kwana huɗun farko, in ji Baffa, Abba zumbur yake miƙewa yana lalubar aljihu. A na biyar ya yi barci a gindin tsamiya har shanun suka shiga gyaɗar mutane. Da yamma su biyu suke zama a ƙofar gida, uba da ɗan fari, suna hira, mutanen gari na wucewa suna satar kallo kamar sun ga kura da akuya a kwano ɗaya.

Da ya dawo ya kira ni ɗaki, ya ce in ɗaga riga. Ya daɗe yana duban tabon. Ya ce, "Ka yafe mini." Na ce shi ma ya yafe mini muryar tsohuwar. Ya ce, "Amma fa ka iya, ɗan banza," ya yi wata 'yar dariya gajeriya, ta farko a shekara.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ma'aikaci na biyu sai bayan wata takwas ya iso, kuma sai da Abba ya koma ofishin nan sau shida da ƙafarsa, yana faɗin abin da da yake haɗiyewa. Har yanzu yakan dawo da fuska a murtuke. In ya ji abin na taso masa, yakan ce wa Umma, "Yau kada yara su matso," ya fita ya zaga bayan gari. Bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba a gidanmu.

Idon Tsoho bai ƙara gani ba. Ya yi shekara biyu da wata uku da ɗayan. Lokacin cirar gyaɗar bana zazzaɓi ya kama shi, kwana shida. Abba ya ɗauki hutu ya yi jinyarsa da kansa, abokin aikinsa ya riƙe asibitin. Ranar Laraba da hantsi ya cika, kansa a kan cinyar Abba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.